Isufu Mai Karnuka na Ranuna

A shekarun da lambunan dabino suke cike da kudancin Madina, kafin gine-gine su cinye su, duk Bahaushen da ke zaune tsakanin Ƙuba da Ranuna ya san Isufu mai karnuka. Dogo ne siriri, ba ya rabo da rawanin mutanen Adar ko a tsakiyar zafi. In ka gaishe shi sai ya dubi hannunka, ya dubi bayanka ko da wani tare da kai, sannan ya amsa. Mutane suna cewa ko ruwa ka nuna masa ka ce ruwa ne, sai ya tsoma yatsa ya tabbatar.

Ba haka aka haife shi ba. Ɗan wani ƙauye ne kusa da Tawa, ya tashi cikin dabbobi da karnukan Buzaye masu dogayen ƙafafu. Da babban farin nan ya zo a farkon shekarun saba'in, ya danƙa wa ɗan baffansa ragowar awakin gidansu ya kai su kudu neman ciyawa. Ɗan baffan ya dawo da igiya kawai a hannu, yana hawaye, ya ce duk sun mutu a hanya. Shekara na zagayowa Isufu ya ga ɗaya daga cikin awakin a kasuwar Ƙonni, da tsagar kunnen gidansu, ta yi ƙiba. Ya sayar da abin da ya rage masa, ya biyo alhazai a 1975, kuma bai koma tare da su ba.

Wanda ya tsaya masa a takardun zama shi ne Abdussamad, ɗan ƙasa, wanda kakansa ya taso da ƙafa daga ƙasar Haɗeja. Abdussamad yana da kantin darduma kusa da Harami, gidansa yana Sih, ya kuma gaji lambun dabino a Ranuna wanda ba shi da lokacin dubawa. Hausarsa tana nan, sai dai rabinta Larabcin Hijaz ne. Ya ba Isufu ɗaki a ƙarshen lambun, ya nuna masa injin ban ruwa, ya nuna masa kuma wata karyar farauta fara sol da ke kwance a inuwar rumfa.

"Wannan Najma ce," in ji shi. "Saluƙi ce asila, ya Yusuf, ba kare ba ce. Wani abokina Balaraben ƙauye ya ba ni. Ka kula da ita fiye da dabinon."

Isufu ya durƙusa ya shafa ƙirjinta, ya ɗaga daginta ya duba, ya buɗe bakinta. Abdussamad ya ga hannun wanda ya san abin, ya ji daɗi.

Shekara ta biyu aka samu matsala. Abdussamad ya shirya da abokinsa za a kawo namijin saluƙi idan lokacin Najma ya yi. Aka kawo, aka haɗa su, aka mayar. Da ta haihu, sai ga 'yan kwikwiyo masu kaurin ƙafa da faɗin goshi, gashinsu a cukurkuɗe kamar na tinkiya. Ko yaro ya gani ya san ba ɗiyan saluƙi ba ne. Wani ya riga namijin, kuma ba wanda ya fi kama da uban sai wani ƙaton karen makiyaya da ke wucewa da tumaki ta bayan katanga.

Abdussamad ya tsaya a kansu ya daɗe.

"Esh hada, mene ne wannan, ya Yusuf? Wa ya buɗe mata?"

"Ban buɗe ba, Maigida."

"Ai kai kaɗai ne a nan. Kuma kai ne ka taɓa ce mini ƙafarta ba za ta iya dutse ba. Ko gyara mini ita ka yi?"

Isufu ya faɗi wannan maganar kuwa, shi ya sa bai da abin kare kansa. Amma ya san bai buɗe ba, kuma a ransa ya riga ya samu wanda ya buɗe. Akwai Balarabe, Bakano mai gyaran injin ban ruwa, wanda ke da rumfar aiki a Sulɗana. Ya zo lambun a kwanakin nan ya kwance injin, ya yini yana shiga yana fita. Mutum ne mai yawan dariya, kuma Isufu bai taɓa yarda da mai yawan dariya ba. Da ya tambaye shi, Balarabe ya ƙyalƙyale ya ce, "Haba mutumin Adar, ni da karya me ya haɗa mu? Ko sadakin za a ba ni?" Wannan amsar ta ƙara tabbatar wa Isufu. Har yau ba a san wanda ya buɗe ƙofar nan ba. Abdussamad ya ci gaba da zargin Isufu, Isufu ya ci gaba da zargin Balarabe, aka ci gaba da gaisawa.

Larabawan ƙauye suna kiran irin waɗannan ruwa-biyun luƙi, kuma ba yabo ba ne. Abdussamad ya ce a rabu da su duka. Isufu ya kai wa makiyayan, suka karɓa don gadi, amma ya riƙe mace ɗaya mai launin toka wadda tun idonta bai gama buɗewa ba ta koyi haura kwandon da aka sa su. Ya sa mata suna Toka. Ya ce daga abincinsa zai ciyar da ita. Abdussamad ya ɗaga kafaɗa.

Ranuna tana cikin hurumin Madina, ba a farauta a ciki. Sai an wuce Dutsen Airu, wanda ake hangowa daga lambun, sannan zomo ya halatta. Najma ba ta san wannan ba kuma ba za ta taɓa sani ba. Saluƙi in ta ga abu ya motsa, kunnenta ya toshe, ko maƙogwaronka zai tsage ba za ta juyo ba. Shi ya sa ba a sakinta a lambun sai da igiya. Toka kuwa ta ɗauko gudun uwarta, ta ɗauko kunnen ubanta. Isufu ya riƙa zagayawa da ita cikin dabino da sassafe. In zomo ya tashi ta zabura, sai ya yi fito ɗaya gajere, ta tsaya cak tana rawar jiki. Kafin ta shekara, zomo yana iya wucewa ta gabanta a cikin lambun, ita dai ta dubi Isufu.

Ranar Alhamis sukan ɗauki wanet ɗin Abdussamad, motar nan mai buɗaɗɗen baya, su wuce dutsen su shiga harra, filin baƙin dutse mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba. A kan rairayi ba mai kamo Najma. A harra kuwa gudu ɗaya take yi ta dawo tana ɗingishi, dagi duk jini. Toka tana da tafin ƙafa kamar fatar takalmi, kuma ba da ido kaɗai take aiki ba. In zomo ya shige kogon dutse, Najma takan tsaya tana dube-dube, Toka kuwa ta sa hanci ta zagaya ta ɗaya bakin ta jira shi. Isufu yakan yi bisimilla ya sake ta, ta kamo, ta kawo ta ajiye a ƙafarsa ba ta taɓa naman ba. Ba ta haushi. Ba ta son baƙo ya taɓa ta, ba ta kuma cizo, sai dai ta matsa gefe ta zuba masa ido. Mutane suka ce halin mai ita ta ɗauko.

Tana da wani halin da Isufu ba ya so a sani. Ɓarauniya ce. Tana buɗe sakata da hanci, tana ɗage murfin tukunya ta ci ta bar shi kusan yadda yake. Da Isufu ya auro Azumi, wata bazawara 'yar ƙasar Maraɗi da ke aikin gida a Sih, satin farko ta ce aljanu suna ci mata miya.

Abdussamad bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Abin da ya yi shi ne, wata rana a kan hanyar dawowa ya ce, "In aka haɗa Toka da saluƙi fa, me zai fito?" Isufu ya riga ya yi shekara yana wannan tunanin. Aka haɗa. Aka samu 'ya'ya sun fi uwar tsawo da gudu, wasu sun ɗauko biyayyarta, wasu ba su ɗauko ba. Daga nan sunan Isufu ya fita. Larabawan da suke kiranta luƙi suka fara tsayar da mota a bakin lambun suna tambayar kwikwiyo. Isufu yakan zaunar da mutum ya yi ta masa tambayoyi: ina zai kwantar da shi, wa zai ba shi ruwa in ya yi tafiya, karensa na da me ya kashe shi. Yawanci a ƙarshe ya ce babu. Balarabe ma ya nema, ya ce ɓarayi suna kwashe masa ƙarafa a bayan rumfa. Isufu ya ce babu, alhali ga su nan suna wasa a ƙafar Balaraben.

Abdussamad ya zaɓi namiji ɗaya, mai launin uwarsa, ya sa masa suna Barƙ. Isufu ya ce wannan bai da kunne, a ɗauki ƙanensa. Abdussamad ya dube shi irin duban nan na tun ranar da Najma ta haihu.

"Wannan nawa ne. Ni zan ɗaure shi, ni zan kwance shi. Abinci kawai za ka miƙa masa, halas."

Aka yi wa Barƙ wurinsa daban a ɗaya ƙarshen lambun. Isufu ya ji zafin maganar, ya kuma riƙe ta fiye da yadda aka faɗe ta. Ko kallon karen ba ya yi. Ya tura kwano ya juya.

A sanyin 1983 maƙwabcinsu Mahmudu, wani dattijo haifaffen Madina mai kiwon tumaki a lambun da ke bayan nasu, ya dawo daga sallar Juma'a ya tarar an yaga wuyan ɗan ragonsa. Ba a ci naman ba, an kashe ne kawai an bari. Juma'a mai zuwa aka sake. Matarsa Sharifa ta ce ta hango wani dogon kare mai launin toka yana haura katanga.

Mahmudu ya zo da kansa, ya yi sallama, ya ƙi zama.

"Isufu, ban zo faɗa ba. Amma dila ba ya zuwa da rana tsaka, kuma dila in ya kashe yana ci."

"Toka a ɗaure take, Baba Mahmudu."

"An ce tana buɗe ƙofa."

"Wa ya ce?"

Mahmudu bai faɗa ba, Isufu kuma bai buƙaci a faɗa ba. Balarabe ne ke gyara injin Mahmudu. Balarabe ne aka hana kwikwiyo. Da dattijon ya tafi, Isufu ya ce wa Azumi an haɗa baki ne, ana so a raba shi da karyarsa, wataƙila ma da aikinsa. Ya ce ba mamaki wuƙa aka sa aka yi wa ragon ramukan haƙori.

Azumi tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. "Malam, kowa a garin nan ka ba shi laifinsa. Ita kaɗai ce ba ka taɓa tambaya ba."

Juma'ar da ta biyo ya ɗaure Toka da kansa, ya ja igiyar ya gwada, ya sa sakata ya tokare da dutse. Abdussamad ya zo da hantsi kamar kullum, ya yi wasa da Barƙ, sannan suka shiga wanet suka tafi Harami. Da suka dawo, Toka tana kwance a waje, gindin dabino, igiyar a gutsure. Akwai busasshen jini a gashin wuyanta. Ya duba jikinta kaf bai ga rauni ba. Kafin la'asar kukan Sharifa ya tsallako katanga.

Isufu ya wanke jinin kafin kowa ya gani. Daga ranar ya shiga kallon Toka yadda yake kallon mutane. In ta lashi baki sai ya tambayi kansa me ta ci. In ta kwanta ta sa kai a kan ƙafarsa sai ya ga kamar lallashi ne. Ya aro ɗan rago a wurin makiyaya, ya ɗaure shi kusa da ita, ya hau dabino ya ɓuya cikin ganye tun hantsi har rana ta take. Toka ta shinshina ragon, ta koma inuwa ta kwanta. Can sai ta ɗaga kai ta dubi daidai inda yake, ta kaɗa wutsiya sau ɗaya. Ya sauko. Gwajin bai nuna masa komai ba, sai dai cewa ta san yana kallo.

Abdussamad ya ce ba zai ɓata da maƙwabcin ubansa saboda luƙi ba. Ko a kai ta daji a bari, ko a harbe. Ya ba Isufu zuwa Alhamis.

Ranar Laraba sai ga Balarabe da tsohuwar motarsa, ba a kira shi ba. Yau ba dariya.

"Na ji abin da ake ciki. Ka ba ni ita in kai Sulɗana. Bayan rumfata akwai fili da katanga ta bulo, ba ta da inda za ta bi. In an kwana biyu ba a sake kashe rago ba, to ita ce, sai ka yi abin da za ka yi. In an sake, ka ga ta fita."

Isufu ya dube shi. A ransa yana cewa ga inda aka nufa tun farko, abin da aka hana shi da roƙo zai samu da dabara. Amma gobe Alhamis.

"Mi za ka samu ciki?" ya tambaya.

"Gadin ƙarafana na kwana biyu. Kai dai komai sai an samu wani abu?"

Isufu ne ya ɗora ta a motar da hannunsa. Ba ta yi gardama ba. Ta tsaya a baya tana kallonsa har motar ta sha kwana.

Ranar Juma'a, da maza suka tafi, Azumi ta ɗauki tabarma ta hau rufin ɗakin injin, inda ake ganin lambun duka. Ba ta gaya wa mijinta za ta yi ba. Ba a daɗe da jin kiran salla ba ta ga Barƙ ya miƙe, ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, abin wuyan ya zame ta kan kunnuwansa kamar an cire hula. Abdussamad ba ya son ganin fata ta matse wuyan karensa, kullum yakan sassauta bayan ya gama wasa da shi. Karen ya bi bayan dabino, ya taka tulin busasshen ganye ya haura. Azumi ta yi ta ihu tana kiran Sharifa, amma kafin matar ta fito da taɓarya an gama. Barƙ ya dawo, ya sha ruwa a kwatar ban ruwa, ya yi birgima a ciki, ya koma wurinsa ya kwanta kusa da igiyarsa.

Da ta gaya wa Isufu, sai ya tuna sau nawa ya ga Abdussamad yana mayar wa karen abin wuya in sun dawo masallaci, yana yi masa faɗan wasa. Da ya taɓa duba bakin Barƙ sau ɗaya da ya gani. Bai duba ba don an ce kada ya taɓa.

Faɗa wa Abdussamad ya fi komai wuya. Mutumin da iƙamarka, takardar zamanka, take hannunsa ba a ce masa karenka ne ɓarawo a sauƙaƙe. Isufu ya same shi a gindin rumfa ya faɗa a tsaye, ba kwana.

"Tayyib," in ji Abdussamad a hankali. "Taka ta tafi, yanzu nawa ne. Kuma matarka ce shaida."

"Kada ka yarda da ni, Maigida. Ni ma da ni ne ba zan yarda ba. Ka duba tsakanin haƙoransa na baya."

Abdussamad ya je shi kaɗai. Isufu yana hango shi ya durƙusa, ya buɗe bakin karen, ya zaro wani abu fari ya murza a yatsa. Ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi bai biyo ta wurin Isufu ba, ya zagaya ta ƙofar Mahmudu. Washegari aka sauke raguna daga wanet a lambun dattijon, Barƙ kuma aka kai shi wurin wasu mafarauta can hanyar Hanakiyya inda ba tumaki kusa. Abdussamad bai ba Isufu haƙuri ba. Bayan sati ya aiko masa da sabon bargo da buhun shinkafa, ya ce sanyi ya yi yawa bana.

Mutanen unguwa suka wanke Toka. Isufu bai gama wanke ta ba. Jinin nan na wuyanta shi kaɗai ya gani, kuma bai san ko ta bi ɗanta ne don ta koro shi, ko tare suka yi. Ya je Sulɗana ya ɗauko ta, ta zo da gudu ta sa ƙafafu a ƙirjinsa, ya shafa ta. Amma har ta tsufa bai sake barinta a kwance ranar Juma'a ba sai da sarƙa, kuma bai sake haɗa ta da namiji ba. Ƙanwar Barƙ ya ci gaba da fitar da iri da ita, mai sanyin hali, ya nemo mata karen makiyaya maimakon saluƙi. Ya ce gara gudun ya ragu kunnen ya ƙaru. Daga cikin 'ya'yanta ya kai wa Balarabe namiji ɗaya a kwali, ya ajiye a bakin rumfa, ya yi masa dogon bayani a kan abinci da ruwa. Balarabe ya saurara har ƙarshe bai yi dariya ba, sai da Isufu ya juya.

Toka ta mutu a zafin 1987, ta makance ido ɗaya. Isufu ya ɗauke ta a wanet ya wuce Dutsen Airu, ya tona rami tsakanin baƙaƙen duwatsu. Shekara biyu bayan haka sauran magadan uban Abdussamad suka matsa aka sayar da lambun, aka fara sare dabinon ana auna filaye. Abdussamad ya ce Isufu ya zo kanti ya riƙa naɗe darduma. Isufu ya gwada wata guda, ya ce ƙirjinsa ba ya son rufi. Shi da Azumi suka haɗa kayansu suka koma Tawa.

Kafin ya tafi ya raba sauran karnukan, kuma duk gidan da ya ba sai da ya koma ba sanarwa, da rana tsaka, ya ga ko akwai ruwa a kwano. A gida ɗaya ya tarar babu. Ya kwance karen ya tafi da shi, mai gidan yana biye da shi har bakin titi yana rantsuwa yanzu ya zubar zai sake. Wannan karen a wurin Mahmudu ya ƙare, yana gadin tumaki.